Hodar Tace Ruwa Daga Ganye: A Fara Da Yumɓun Ƙanƙara Kafin A Rangaɗa Guɗa

A 'yan shekarun nan, da wuya mutum ya buɗe mujallar masana ilmin haɗa sinadarai bai ci karo da rahoton wani sabon bincike ba a kan wata irin hoda mai matuƙar laushi da ake kira alumina, wadda ake haɗawa da taimakon ruwan ganyayen itatuwa domin tace ruwan sha. Jami'o'in Indiya da Masar da Iran sun yi nisa a wannan fanni, namu na Nijeriya ma ba a bar su a baya ba. Alkawarin da ke cikin waɗannan rahotanni kusan iri ɗaya ne: hanya ce mai araha, ba ta ɓata muhalli, kuma ganyen da ake bukata yana nan birjik a bakin hanya da bayan gida. Ga ƙasar da miliyoyin mutanenta ke sayen ruwa jarka-jarka daga hannun 'yan ga-ruwa, irin wannan albishir yana da daɗin ji.

Ra'ayinmu shi ne wannan bincike ya cancanci a tallafa masa, amma bisa sharuɗɗa biyu. Na farko, a ɗora shi a kan ɗanyen kayan da ke cikin ƙasar nan. Na biyu, a nufi wuraren da alif da sinadarin kulorin suka gaza da shi. In ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba, wata rana za a wayi gari muna sayo sinadari da dala, mu zuba masa ruwan dogon yaro, sa'an nan mu kira shi kayan gida.

Domin mai karatu ya gane inda aka dosa, ya kamata a bayyana ko mene ne wannan hoda. Alumina haɗi ne na alminiyam da iskar oksijin, kuma daga gare ta ake narko ƙarfen da ake yin tukwane da kwanon rufi da wayoyin lantarki. Kalmar nano kuwa ma'auni ce ta ƙanƙanta. Idan aka raba mita ɗaya gida miliyan dubu, kashi ɗaya shi ne nanomita. Ƙwayoyin da ake magana a kansu ba su wuce nanomita 100 ba, alhali kaurin silin gashin kan ɗan Adam ya kai kimanin nanomita 80,000. Ke nan ido ba ya ganin ƙwaya ɗaya, sai an tara su da yawan gaske suke zama farar hoda.

Amfanin wannan ƙanƙanta a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa jiƙa kanwa. Dakakkiya ta fi dunƙule saurin aiki, saboda ko'ina a jikinta ruwa yana taɓawa. Haka alumina take. Gubar da ke narke cikin ruwa a jikin ƙwayoyin take liƙewa, saboda haka yawan fuskar da ruwa zai taɓa shi ne yawan gubar da za a kama. Irin aluminar da ake kira gama, mai ƙananan ramuka a jikinta, giram ɗaya nata kan kai faɗin murabba'in mita 200 ko fiye idan aka lissafa dukkan fuskokin. Ma'ana, giram uku kacal sun fi fuloti mai ƙafa 50 a 100 faɗin fuska.

Yadda ake haɗa ta da ganye ba shi da wuyar bayani. Akan tafasa ganye, kamar na dogon yaro ko ɗaɗɗoya ko shayi, a tace ruwan, a gauraya shi da gishirin alminiyam da aka narkar, galibi wanda ake kira naitiret ko kuma salfet. Sinadaran da ke cikin ruwan ganyen sai su lulluɓe ƙwayoyin da ke fitowa, su hana su cuɗewa su yi girma. Daga nan a tsame abin da ya kwanta, a wanke, a shanya, a gasa shi a tanderu mai zafin digiri 500 zuwa 800 na ma'aunin Salsiyas. Idan zafin ya haura digiri 1,100, hodar takan rikiɗa ta koma wani nau'i mai tauri wanda ramukansa suka toshe, ya daina amfani wajen tace ruwa. Abin da ganyen ya kawo a nan shi ne maye gurbin wasu sinadarai masu tsada da cutarwa waɗanda a da su ake sa wa wannan aiki. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, kuma babu dalilin raina shi.

To, a ina ake bukatar wannan hoda? Manyan matatun ruwan ƙasar nan, irin su Tamburawa da Challawa a Kano, da Usuma a Abuja, da Iju da Adiyan a Ikko, aikinsu ya dogara ne a kan alif da kulorin. Alif yana tattara laka da dattin da ke yawo cikin ruwa su kwanta, yashi ya tace ragowar, kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Wannan tsari ya daɗe, an san farashinsa, an san iyakarsa, kuma babu wata hodar ɗakin gwaje-gwaje da za ta ture shi nan kusa. Duk wanda ya ce zai maye gurbin alif da hodar nano a matatar da ke tura miliyoyin litoci kowace rana, bai yi lissafi ba.

Amma akwai gubar da ido ba ya gani, wadda tafasawa ba ta kashe ta, kulorin ba ya taɓa ta. Babba daga ciki ita ce fuloraid, sinadarin da ke narkowa daga wasu duwatsu zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Idan ya wuce miligiram 1.5 a kowace lita, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, sai haƙoran yara su soma dabbare-dabbare, su yi ja ko ruwan ƙasa. Idan ya yi yawa ƙwarai kuma aka daɗe ana sha, yakan sandarar da gaɓoɓi, ya lanƙwasa ƙashi, ya raba magidanci da gonarsa. Masana sun daɗe da tabbatar da wannan matsala a yankin Langtang na Jihar Filato da Kaltungo ta Jihar Gombe. A irin waɗannan wurare, rijiyar burtsatse na iya ba da ruwa garai-garai, mai sanyi, marar ƙwayar cuta, amma yana cin haƙoran yaran gari sannu a hankali.

A nan ne alumina ta yi fice. Tun kafin a soma maganar nano, ana amfani da ita a dunƙule-dunƙule wajen cire fuloraid da gubar asenik, har ma hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa ta cikin hanyoyin da ta amince da su domin wannan aiki. Gwaje-gwaje sun kuma nuna tana kama dalma da kuromiyam da rinin masaƙu. Ba a manta da bala'in gubar dalma na 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara ba, inda yara aƙalla 400 suka rasu, ko kuma na 2015 a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Gaskiya ne a waɗancan wurare ƙurar niƙan duwatsun zinariya ce babbar hanyar da gubar ta bi, kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasa ne ya kawo sauƙi, amma tafkunan da ake wanke ma'adinai su ma sukan gurɓata, kuma haƙar zinariya ba ta tsaya ba. Haka nan majemun zamani na Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano suna amfani da kuromiyam, kuma ruwan da suke fitarwa yana bukatar magani kafin ya isa kogi da lambunan masu noman rani. Waɗannan su ne kasuwar wannan hoda ta gaskiya.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Ganye ba shi ne ke samar da alminiyam ba. Aikinsa shi ne tsare girman ƙwayoyin, kuma da zarar an shiga tanderu ya ƙone ƙurmus. Jikin hodar gaba ɗaya daga gishirin alminiyam yake fitowa, kuma wannan gishiri, irin mai tsabta da ɗakunan gwaje-gwajenmu ke amfani da shi, a kwalba yake zuwa daga ƙasashen waje. Lissafin ba ya ɓoyuwa. Ana bukatar kimanin kilo 7.4 na naitiret ɗin alminiyam kafin a sami kilo ɗaya na alumina, ko da ba a yi asarar komai ba a hanya. Idan da alif na kasuwa aka fara, wanda aluminar da ke cikinsa kimanin kashi 17 cikin 100 ce, ana bukatar kusan kilo shida. Ga shi kuma gasa naitiret yana fitar da hayaƙi mai guba wanda dole a tanadi hanyar kama shi idan aikin ya girma. Saboda haka kiran wannan hanya mai araha don kawai ganye kyauta ne, daidai yake da cewa tuwo kyauta ne domin ba a sayen muciya kullum.

Wannan batu ya ƙara nauyi tun daga watan Yuni na 2023 da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ake canzawa kimanin N460 a hukumance kafin wannan mataki ta haura N1,500 a cikin 2024. Duk sinadarin da ake shigowa da shi farashinsa ya bi sahu, kuma hukumomin ruwa na jihohi, waɗanda kuɗin da suke karɓa daga jama'a bai taka kara ya karya ba, su ne suka fi jin jiki. Sa'an nan ga kuɗin wuta. A watan Afrilu na 2024 an ɗaga farashin lantarki ga masu rukunin farko zuwa N225 kowane kilowat a sa'a, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Tanderun da zai riƙe zafin digiri 600 na tsawon sa'o'i ba da ganye yake aiki ba. Duk rahoton binciken da bai faɗi nawa aka kashe a kan gishiri da wuta ba, bai gaya wa ɗan kasuwa abin da yake son ji ba.

Abin farin ciki shi ne ƙasar nan ba ta rasa alminiyam a cikin ƙasarta ba. Akwai farin yumɓun da ake kira kawolin a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, da Alkaleri ta Jihar Bauchi, da wurare da dama a Filato da kudancin ƙasar. Tsantsar wannan yumɓu na ɗauke da alumina kusan kashi 39 cikin 100. Idan aka gasa shi, aka jiƙa shi da ruwan asid na salfa, sai alminiyam ɗin ya narko a matsayin salfet, wato dai alif. Masana a sashen injiniyancin sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun shafe shekaru suna aiki a kan yumɓun Ƙanƙara, sun kuma nuna ana iya samun alif da alumina daga gare shi. A lissafe, kilo biyu da rabi na tsantsar yumɓu na ɗauke da kilo ɗaya na alumina, ko da yake a aikace sai an ƙara saboda yashi da dattin da ke ciki. Baya ga wannan, akwai ma'adinin boksait a tsaunin Mambila na Jihar Taraba, wanda shi ne asalin abin da duniya ke tace alumina daga gare shi.

Hikimar da ke cikin farawa da yumɓu ita ce jifa ɗaya tsuntsu biyu. Masana'antar da ta iya fitar da salfet daga kawolin ta sami abin sayar wa hukumomin ruwa kai tsaye, domin alif ba ya kwantai a ƙasar da ke da matatu a kowace jiha. Wani ɗan kaso na wannan salfet ne za a karkatar a haɗa shi da ruwan ganye a yi hoda mai daraja. Alif ya riƙe masana'anta, hoda ta kawo riba. Amma masana'antar da aka kafa domin hodar nano kaɗai, tana jiran gishiri daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, ranar da dala ta motsa ranar za ta rufe ƙofa.

Gani ga wane ya ishi wane. Kamfanin narkar da alminiyam na ALSCON da ke Ikot Abasi a Jihar Akwa Ibom an gina shi ne domin ya fitar da tan 193,000 a shekara. Ya soma aiki a 1997, ya tsaya a 1999, aka sayar da shi ga kamfanin Rusal na Rasha a 2007, ya sake tsayawa a 2013, ga kuma doguwar shari'a a kan wanda ya cancanci mallakarsa. Dalilan durƙushewarsa suna da yawa, ciki har da ƙarancin iskar gas, amma abin lura a nan shi ne an tsara shi ne tun farko a kan aluminar da za a riƙa kawowa a jirgin ruwa, domin ƙasar ba ta da matatar da ke yin ta. An gina rufin ɗaki ba a haƙa harsashi ba. Bai kamata a maimaita wannan tsari ba, ko da a ƙaramin ma'auni ne.

Batu na gaba shi ne lafiyar mai sha. Ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Nijeriya, wadda Hukumar SON ta fitar a 2007 aka kuma sabunta a 2015, ta ƙayyade alminiyam da kada ya wuce miligiram 0.2 a lita. Alumina takan soma narkewa idan ruwa ya yi tsami ƙwarai ko ya yi kanwa-kanwa ƙwarai, kuma ƙwayar da ta fi gashi ƙanƙanta sau ɗaruruwa ba tsumma ko rariya ce za ta tare ta ba. Wanda ya barbaɗa hodar cikin randa ya cire guba ɗaya ya bar wata. A watan Yuli na 1988, a yankin Camelford na Ingila, an juye tan 20 na alif bisa kuskure a tankin da ba nasa ba, ruwan ya isa gidajen mutane kimanin 20,000, kuma an shafe shekaru ana bincike da ƙorafi a kan illar da ya yi. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da ma'aikatan sa ido da kayan awo, to ina ga ƙauyen da ba a taɓa auna ruwan rijiyarsa ba? Dole a dunƙule hodar ta zama tsakuwa-tsakuwa, ko a liƙa ta a jikin yashi ko gawayi ko tukunyar ƙasa, a kuma tabbatar ba ta zubowa.

Akwai kuma tambayar abin da za a yi da hodar bayan ta ƙoshi. Alumina ba ta halaka guba, ajiye ta take yi a jikinta. Idan ta cika, ko dai a wanke ta da soda mai ƙuna da ruwan asid a sake amfani da ita, ko a binne ta inda ba za ta koma ruwa ba. A Indiya, inda fuloraid ya addabi jihohi irin su Rajasthan da Andhra Pradesh, an rarraba matatun gida masu alumina da taimakon Asusun UNICEF, kuma darasin da aka koya shi ne matatar na da amfani ne muddin akwai wurin wanke ta kusa da kuma mai tunatar da jama'a lokacin yin hakan. Matatar da ta ƙoshi ba a sani ba ta fi rashin matata haɗari, domin uwa na ba ɗanta ruwa hankalinta kwance.

Wani misali na lissafi zai nuna abin da ya sa duk da haka binciken ke da muhimmanci. A ɗauka gida mai mutum goma yana sha da girki da lita 40 a rana, kuma rijiyarsu na da fuloraid miligiram 4.5 a lita. Sai an cire miligiram uku daga kowace lita, wato miligiram 120 a rana, kimanin giram 44 a shekara. Idan kilo ɗaya na alumina ta gargajiya na kama giram biyu kafin ya ƙoshi, gidan na bukatar kilo 22 a shekara ko kuma wanki akai-akai. Idan sabuwar hoda ta iya kama giram goma, bukatar ta sauko ƙasa da kilo biyar. Wannan bambanci shi ne tsakanin abin da talaka zai iya da wanda ba zai iya ba. Amma sai an tabbatar da shi a ruwan rijiya na gaske, mai ɗauke da gishiri iri-iri da ke gasa da fuloraid wajen neman gurbi, domin yawancin sakamakon da ake bugawa daga tataccen ruwan ɗakin gwaji aka samo su, a cikin kofin gilashi, da hodar da ba ta cika cokali ba.

Tarihin zogale ya isa ya koya mana haƙuri. Matan ƙauyukan bakin Kogin Nilu a Sudan sun daɗe suna kwantar da lakar ruwa da dakakken irin zogale, kuma wata masaniya mai suna Samia Al Azharia Jahn ta rubuta wannan hikima dalla-dalla tun shekarun 1970 da 1980. A farkon shekarun 1990 masana daga Jami'ar Leicester ta Ingila suka gwada shi a matatar ruwa ta Thyolo a Malawi, ya kuma yi aiki dab da na alif. Amma bayan shekaru talatin, manyan matatu ba su rabu da alif ba, saboda samun irin da yawa a kan kari, da adana shi, da ragowar da yake bari a ruwa, duk matsaloli ne da kofin gwaji ba ya nunawa. Ganyen da za a yi hoda da shi ma haka yake: ƙarfin ruwan dogon yaro na damina ba ɗaya yake da na rani ba, na Sakkwato ba ɗaya yake da na Makurɗi ba, alhali mai saye yana son buhun yau ya zama daidai da na jiya.

Wasu za su ce, kuma suna da hujja, ƙasar da cutar kwalara ta kama mata mutane fiye da 100,000 ta kuma kashe fiye da 3,600 a 2021 kaɗai, ba ta da hurumin kashe kuɗi a kan nano. Bututu da kulorin da masai su ne maganin kwalara, kuma dokar ta-ɓacin da Gwamnatin Tarayya ta ayyana a kan ruwa da tsabtar muhalli a watan Nuwamba na 2018 a kansu ta fi karkata. Mun yarda cewa kaso mafi tsoka na kuɗin ruwa can ya kamata ya tafi. Sai dai kuɗin bincike aljihunsa dabam, kuma ana kashe shi ko an so ko ba a so. Tambayar ita ce ko zai ƙare a takardun neman ƙarin girma ko kuwa zai kai ga buhun da aka rubuta wa farashi. Kuma yaron Kaltungo da haƙoransa suka lalace, kulorin ba zai yi masa komai ba, ko da an kai masa tanka guda.

Bisa ga haka, muna ganin akwai matakan da suka wajaba. Hukumar Bincike da Bunƙasa Ɗanyun Kaya ta RMRDC, wadda aka kafa a 1987 domin irin wannan aiki, ita ce ya kamata ta haɗa kan masu ruwa da tsaki: Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai da ke Basawa a Zariya, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna, da jami'o'in da suka riga suka yi nisa. Maimakon a warwatsa tallafi ga bincike hamsin masu kama da juna, kowanne da nasa ganyen, a kafa ƙaramar masana'antar gwaji guda ɗaya kusa da inda yumɓun yake, wadda za ta riƙa fitar da kiloli, a san ainihin abin da kowane kilo ya ci na asid da wuta da ƙwadago. Asusun TETFund kuma ya sa sharaɗi ga duk mai neman tallafi a wannan fanni: ya yi gwaji da ruwan rijiya na gaske, ya kwatanta hodarsa da aluminar kasuwa da gawayin ƙashi, ya auna alminiyam ɗin da ya rage a ruwa, ya kuma faɗi nawa tace jarka ɗaya za ta ci.

Gwamnatocin jihohi su ma da nasu aikin. Kafin a sayi magani sai an san inda ciwo yake. Hukumomin samar da ruwa a karkara su auna fuloraid da dalma a kowace rijiyar burtsatse kafin a miƙa ta ga jama'a, su kuma buga sakamakon kowa ya gani. Wannan taswira ita ce za ta nuna wa mai zuba jari girman kasuwar. Idan jihohi biyu ko uku suka yi alkawarin sayen matatun da suka ci jarrabawar SON da NAFDAC na wasu shekaru, 'yan kasuwa ba sa bukatar roƙo. Ya fi dacewa kuma a fara da ruwan masana'antu, inda Hukumar NESREA ke da ikon tilasta tacewa, mai masana'anta ke da kuɗin biya, kuma kuskuren farko ba zai shiga cikin jariri ba. Bayan an ƙware a can, sai a matso ga matatar unguwa da ke bakin rijiya, mai ma'aikaci guda da aka horar yana karɓar ɗan abin da zai riƙe aikin, kafin a yi tunanin shiga ɗakin girkin kowa.

Ga masananmu kuwa, kiranmu shi ne su riƙa faɗin gaskiyar lissafi tun a shafin farko. Babu abin kunya a ce ganye ya rage kaso kaza na kuɗin haɗi amma gishiri da wuta sun cinye saura. Irin wannan bayani ne ke jawo amincewar masu jari, kuma shi ne zai nuna inda ya kamata bincike na gaba ya dosa, ko rage zafin tanderu ne, ko amfani da iskar gas ko ɓuntun shinkafa a madadin lantarki, ko tsawaita ran hodar.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yawan jama'a na ƙaruwa, ana ƙara haƙa rijiyoyi masu zurfi cikin duwatsun da ba a san abin da ke cikinsu ba, haƙar ma'adinai na bazuwa daga jiha zuwa jiha. Bukatar abin da zai cire narkakkiyar guba daga ruwa za ta ƙaru, kuma wani ne zai sayar mana da shi. Yumɓun yana Ƙanƙara da Alkaleri, dogon yaro yana kowane gari, masana suna Zariya da sauran jami'o'i. Abin da ya rage shi ne hukumomi su haɗa su a ƙarƙashin rufi ɗaya, su ba su wa'adi, su kuma nemi a kawo musu farashin jarka ɗaya a rubuce.